Haƙorin Makkan Hajiyarmu

Ni Zulai ce, ɗinki nake yi a Rano, kuma da fushi nake wannan rubutu. Na faɗa tun farko don kada wani ya kai tsakiya ya ce ba a gaya masa ba. Mahaifiyata ta warke, na gode wa Allah, tana cin tuwonta tana barcinta. Amma abin da ta fi so a jikinta ya tafi, kuma ba ciwo kaɗai ya tafi da shi ba, da hannun mutane a ciki, mutanen ma 'yan'uwanmu na jini. Duk mai tsohuwa a gida da haƙorin Makka a bakinta, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Mahaifiyarmu a Kahu take, can ƙasar Kibiya. Tun muna ƙanana ƙuli-ƙuli take soyawa tana matsar man gyaɗa, kuma da wannan sana'ar ta sauke farali. Ba wanda ya ba ta kujera. Shekara da shekaru tana zubin adashe tana kiwon tumaki, har aka haɗa aka sayar aka biya. Duk tsarabar da ta dawo da ita ta rabar, zamzam da dabino da carbi, ko hula ɗaya ba ta rage a ɗakinta ba. Abu ɗaya ta bar wa kanta: haƙorin zinare a sama ta gefen dama, daidai inda murmushi ke buɗewa. Daga ranar ta daina zama Inna, ta zama Hajiya, har mu 'ya'yanta sai da muka sauya baki. A birni kowace mace mai gyale mai tsada Hajiya ce, ko ba ta taɓa ganin jirgi ba. Tsohuwar ƙauye mai silifas kuwa, sai an ga shaida, kuma wannan haƙorin shi ne shaidarta.

Masifar ta faro ne daga Goggo Tabawa, yayar marigayi mahaifinmu da ke aure a Zinyau. Ta riga Hajiya zuwa Makka, ita ma tana da nata haƙorin, don haka ta mai da kanta malamar haƙoran zinare ta duk dangi. Ranar da ta zo sannu da zuwa, a gabana ta kafa wa Hajiya doka.

"Kada ki kuskura asuwaki ya taɓa shi, balle buroshi da makilin. Ruwan zinaren zai kankare ki koma da farin ƙarfe a baki. Bakin mayafi kawai za ki sa ki goge."

Hajiya ta riƙe wannan magana kamar karatun allo. Mace ce mai tsafta, ba ta alwala sai da asuwaki, amma idan ta zo gefen dama sai ta tsallake. Don gudun kuskure ma, har haƙoran da ke maƙwabtaka da shi ta daina taɓawa. Sai ta kama bakin mayafi ta goge fuskar zinaren ya yi ƙyalli, ta ɓare goronta ta jefa. Haka aka yi ta tafiya shekaru, sama na walƙiya, gindi na tara abin da yake tarawa.

Bayan girbin bara na je Kahu wuni. Hajiya ta gatsa goro ta ajiye ɓarin a kan tabarma, sai na ga jini a jikinsa. Ta ce ba komai, zafi ne ya yi mata yawa. Da ta matso tana yi mini magana sai na ji wani wari da ban san ta da shi ba, na kuma lura jikokinta na kau da kai idan ta ɗauke su. Na lallaɓa ta ta buɗe baki na haska da fitilar waya. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Datti ya daskare a wuyan haƙorin da na kusa da shi, ruwan ƙasa-ƙasa, ya yi tauri kamar ƙanzon tukunya. Dasashin ya kumbura ya yi jajir, ina ɗan taɓawa jini ya biyo yatsana. Na sa farce in kankare, ko gezau.

Makon farko kemis muka je, mai kemis ɗin ya ba da maganin rage zafi ya ce a riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Shi dai ya yi gaskiya, ya ce wannan ba aikinsa ba ne. A ƙaramin asibitin da muka gwada kuma aka ce ba su da kayan aikin haƙori, sai birni. Na ajiye ɗinkin mutane, na ɗauko ta ta kwana a gidana, da safe muka nufi tasha.

A tashar Rano akwai wani ɗan kamasho, dattijo mai furfura a gemu. Hajiya ta yi masa sallama tana murmushi duk da ciwon, ya dubi bakinta ya ce, "A'a, Hajiya, bismillah, gaba za ki zauna." Ya sauko da wani saurayi daga gidan gaba ya ba ta wurin. Har muka isa birni tana jin daɗin abin.

Layin asibitin kuwa ba na yi wa maƙiyina fatansa. Layin yankar kati daban, layin biyan kuɗi daban, layin ganin likita daban, kuma kowace taga ka isa sai a ce ka koma wadda ka baro. Wanda ya san wani ya wuce ta gabanka yana waya. Tun hantsi muke zaune a benci sai bayan azahar aka kira mu. Amma likitar da muka samu, wata mace mai ƙaramin jiki, Allah ya saka mata da alheri. Ta duba a hankali, ta ɗan girgiza haƙorin da ƙarfenta, sannan ta yi mana bayani da Hausa tsantsa.

"Hajiya, dattin nan ya zama dutse, asuwaki ba zai fitar da shi ba yanzu, sai inji. Yana tura dasashi yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Amma ba a makara ba. Idan aka wanke, kika riƙa gogewa har gindinsa, zai zauna."

Hajiya ta ce, "'Yar nan, zinaren fa?"

"Ba abin da zai same shi. Sai dai in gaya miki tun yanzu, bayan wankin za ki ga 'yan ƙofofi tsakanin haƙora, za ki ji kamar suna motsi. Ba wankin ne ya jawo ba, dutsen ne ya toshe wurin da ya riga ya cinye."

Ta ba mu rana nan da mako biyu, don injin ma layi gare shi. Kuɗin wankin bai wuce na turmin atamfa mai matsakaicin kyau ba. A wurin wasu ba komai ba ne, a wurina kwasar adashena ce ta wannan watan, kuma na yi niyyar bayarwa da zuciya ɗaya.

Nan Yaya Sabi'u ya shigo. Shi ne babba a ɗakinmu, direba ne, yana jigila tsakanin Kibiya da Rano da Kano, kuma duk abin da aka faɗa a tasha a wurinsa ya fi na likita inganci. Da ya ji labari sai ya taso har gidana.

"Wankin haƙori? Ke Zulai kina da hankali kuwa? Akwai abokin aikinmu da aka yi wa, yanzu idan yana magana iska ke fita ta ko'ina. Sassauta haƙora suke yi don ka dawo su cire su sayar maka da na roba. Kuma wa ya gaya miki ba zinaren suke so su kankare ba?"

Na ce, "Yaya, likita ta yi bayanin wannan ƙofofin."

"To da me za ta ce? Kin taɓa ganin mai kaya ya kushe kayansa?"

Na yi ta fama har ya yi shiru, na ɗauka ya sauko. Ranar da aka ba mu ta faɗo daidai da ranar da zan miƙa ankon wani biki, kaya jibge a gabana. Yaya ya ce in zauna in yi aikina, shi da ke shiga birni kullum zai kai ta a motarsa. Har godiya na yi masa. Na ƙirga kuɗin na damƙa masa a hannu tare da katin asibiti.

Bai kai ta birni ba. Kasuwa ya kai ta, wurin wani mai cire tsutsar haƙori da Goggo Tabawa ta yi masa kwatance. Hajiya ce ta ba ni labarin yadda aka yi daga baya. Mutumin ya gasa wani guntun ƙarfe ya yi ja, ya ɗora a kan dutse cikin kwanon ruwa, ya zuba 'ya'yan gautan kura da ɗan kitse a kai, ya kifa mazurari, ya sa ta kafa baki tana zuƙar hayaƙin. Da ya ɗaga mazurarin sai ga wasu farare sirara suna yawo a ruwa. Ya ce ga su nan, su ke cin haƙorin. Mutane suka taru suna salati.

Da yamma Yaya ya zo mini da su a cikin ƙullin leda, yana washe baki kamar wanda ya ci gasa. "Ga abin da likitarki ba ta gani ba. An gama, kuma ko rabin kuɗin ba a kashe ba." Na tambayi sauran, ya ce ya zuba mai, ai mota ba ruwa take sha ba. Wallahi da ba yayana ba ne, da ledar nan a fuskarsa za ta ƙare. Na kira Hajiya a waya, ta ce ita ta ji sauƙi, in bar yayana ya huta, kuma ga zinarenta ba wanda ya taɓa. Ranarmu ta asibiti ta wuce a banza.

Sauƙin na 'yan kwanaki ne. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa, yana harbawa har kunne. Maimakon a kira ni, sai aka buɗe kasuwar shawara a Kahu. Wannan ta ce kanumfari, waccan ta ce jar kanwa, wata ta ce a danna garin taba. Kanumfarin ne kaɗai bai cuce ta ba. Sai Yaya ya kawo nasa ilimin na tasha: ya jiƙa auduga da man birki ya danna mata a gindin haƙorin, wai haka direbobi ke yi ciwo ya mutu. Man birki, a bakin uwar da ta haife shi! Dasashin ya ƙone ya yi fari ya saluɓe.

Matarsa ce ta kira ni a ɓoye, Allah ya yi mata albarka. Da na isa ban gane fuskar mahaifiyata ba. Kuncin dama ya kumbura har ya rufe rabin ido, jikinta zafi rau, bakin ba ya buɗuwa sai kaɗan, mugunya na tsattsafowa ta gefen zinaren. Yaya yana waje yana wanke mota. Na tare mai a-daidaita-sahu na ɗauke ta.

Washegari muka koma layin nan na birni, wannan karon tana jingine a kafaɗata. Likitar ta duba, sannan ta tambayi abin da aka sa a wurin. Da na gaya mata sai ta ajiye ƙarfen hannunta ta dube ni, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage. Na nuna mata ledar tsutsar da na ajiye. Ta ce ba tsutsa ba ce, cikin 'ya'yan gautan ne ke fashewa idan ya ji wuta, ko bakin jariri aka kafa a mazurarin haka za su fito. Ta matse mugunyar, aka yi allura, ta rubuta magunguna, ta ce sai kumburi ya sauka za a ɗauki hoto a ga abin da ya rage.

Wannan makon a ɗakina Hajiya ta yi shi. Kunu da koko kawai ke shiga, da ƙaramin cokali, ina ɗiga mata ta gefen hagu. Ina dafa ruwa in sa gishiri in riƙe mata kwano tana zubarwa. Ina jiƙa tsumma ina goge mata jiki idan zazzaɓi ya taso. Maganin na sa ta tashin zuciya, sai na yi ta lallashi kamar yarinya kafin ta haɗiye. Keken ɗinkina ya yi ƙura, masu kaya suka yi ta aike, wasu suka karɓe yadinsu suka kai wani wuri. Maigidana, Malam Nasiru, bai taɓa ɗaure fuska ba, shi ya sayar da buhun masararsa aka sayi magani, ni kuma na sayar da akuyata. Abin da muka kashe a wannan zuwan ya ninka kuɗin wankin nan sau ban san adadi ba. Yaya ya zo dubiya sau ɗaya da lemo a leda, lemon da ba ta iya sha.

Da kumburin ya sauka aka ɗauki hoto. Likitar ta ɗaga shi a haske ta nuna mana, ta faɗi maganar da har gobe tana kunnena.

"Haƙorin lafiyarsa ƙalau, zinaren ma lafiyarsa ƙalau. Ƙasar da yake tsaye a kai ce ta zaizaye. Ba abin da ke riƙe da shi sai nama, idan aka bar shi ciwon zai dawo, kuma ba na so ya gangara wuya."

Hajiya ta kama hannunta da hannu biyu. "Likita, don Allah ki cire duk sauran ki bar mini wannan."

Ban taɓa ganin mahaifiyata tana roƙon wani ba sai ranar. Na juya na fuskanci bango ina kuka. Likitar ta ce da an zo ranar da ta ba mu, da ta yi iya ƙoƙarinta, amma yanzu ƙarya za ta yi idan ta ce zai tsaya. Ta ce daga baya ana iya yin na roba a sa masa zinare. Hajiya ta girgiza kai ta ce wanda aka sa a Kano ba na Makka ba ne. Aka cire shi tare da na kusa da shi. Ko wahala bai ba da ba, ana taɓawa ya fito. Aka wanke shi aka miƙo mata a auduga, ta ƙulle a haɓar zaninta.

Kwana biyu bayan nan Goggo Tabawa ta zo dubiya, Yaya ne ya kawo ta. Na zuba mata abinci da nama don dai baƙuwa ce. Ta gyara zama, ta sa yatsa biyu a baki, ta zare haƙorin zinarenta ta ajiye a kan gwiwa, ta fara cin nama. Na tsaya da kwano a hannu.

Na ce, "Goggo, naki cirewa yake yi?"

"Eh mana, ai hula ce. In zan ci abu mai tauri in cire, in zan yi asuwaki in cire in goge na ƙasan tas in mayar."

"To na Hajiya fa, da aka manne shi ba ya fita? Kin san da haka kika ce kada ta taɓa shi?"

Ta tauna namanta ta haɗiye ta ce, "To ni ina na sani? Ai sai ta tambaya."

Shekaru mahaifiyata tana tsallake gefen bakinta saboda maganar matar da ke goge nata kullum a ɓoye. Hajiya tana kwance tana ji, sai ta juya fuska bango. Yaya kuwa ya ce a bar tone-tone, ƙaddara ce, kuma shi har yanzu yana zargin girgizawar da likita ta yi ranar farko ita ta sassauta shi. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Yaya, na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta jiƙa auduga da man birki ba, kuma ba ita ta zuba kuɗin wankin a tankin mota ba." Ya ce na yi masa rashin kunya a gaban manya. Na ce na yi. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don Hajiya ta sa baki.

Da ramin ya warke muka koma aka wanke sauran haƙoran. Abin da aka yi ta tsorata mu da shi, ko awa ɗaya bai kai ba. Ƙofofin sun fito kamar yadda likita ta faɗa, ta yi 'yan kwanaki ruwan sanyi na damunta, sannan komai ya lafa. Jinin ya tsaya, warin ya tafi, jikoki sun dawo cinyarta. Don haka ga abin da nake gaya wa duk wanda ke ji. Haƙorin Makka haƙori ne, a goge shi har gindi, asuwaki ba ya cin zinare. Idan kun ga jini a ɓarin goro ko a kan asuwaki, ba zafi ba ne. Idan datti ya riga ya daskare, ba gishiri ba kanwa ba hayaƙi, sai inji, kuma ranar da kuka ji tsadar wankin ita ce ranar da ya fi araha. Sannan idan an ba ku rana a asibiti, ku kai tsohuwarku da ƙafarku, ko da ankon duniya ne jibge a gabanku.

Da Hajiya ta ji ƙarfi ta ce gida take so. Ta ƙi a kira Yaya, ta ce motar haya za ta hau. Na raka ta tasha. Yanzu ta koyi magana da bakin mayafi a kan leɓe, ko gaisawa za ta yi sai ta kare. Muka tarar da dattijon nan ɗan kamasho yana lodin motar Kibiya. Ta yi masa sallama, ya amsa bai ko dube ta sosai ba, ya buga murfin mota ya ce, "Iya, shiga baya, matsa ciki sosai, akwai mutum biyu."

Hajiya ta tsaya. Na ga hannunta ya tafi haɓar zani ya kama ƙullin nan, har ta fara kwancewa. Sai ta fasa, ta mayar ta soke, ta tattare zaninta ta shiga baya ta matsa ciki.